Yanda na rubuta littafina na farko cikin wata ɗaya bayan rasuwar Ummata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son in bada labarin nan sai in ji nauyi, saboda rabinsa labarin rubutu ne rabinsa kuma abu ne da har yau in na tuna sai na ji maƙoshina ya toshe. Abun da yasa na daure shine tambayar da ake yawan yi min, wai da gaske ne mutum zai iya zama ya rubuta littafi sukutum cikin wata ɗaya ko kuwa cika baki ne irin na marubuta. Toh ni dai nayi, kuma ba a lokacin jin daɗi nayi ba.

Tun ina firamare nake ƙirƙirar labari, littafin lissafi na ta baya nake juya shi in dinga rubutu, ƙawaye suna karɓa suna karantawa suna cewa in ci gaba. Har na gama sakandare na wuce gaba na fara aiki halin bai barni ba, sai dai duk labaran nan babu wanda ya taɓa wuce babi uku ko huɗu. In rubuta babi na ɗaya, washegari in karanta in ga bai yi min ba in gyara, jibi in sake karantawa in sake gyarawa, kafin wata ya zagayo babin ya yi kyau sosai amma labarin ya fita a raina, sai wani sabo ya zo min in koma kansa. Haka na tara mafarin labarai birjik, ƙarshe kuwa ko ɗaya.

Sai Umma ta kwanta. Dama tana fama da hawan jini, rana ɗaya da safe ta faɗi, kafin a kai asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye maganarta kuma ta ɗauke, sai kalma ɗaya biyu da ƙyar. Ni ce auta kuma ni kaɗai ce ban yi aure ba a lokacin, babu wanda ya ce min in ajiye aiki, ni na ga babu wata hanya na ajiye. Likita ya ce duk bayan awa biyu a dinga juya ta saboda kar gyambon kwanciya ya kamata, dan haka na saita alam a waya, dare da rana, in tashi in juya ta in gyara mata filo in duba ko tana buƙatar canji in koma in kwanta a gefenta. Kusan shekara biyu muka yi a haka. Ba zan ce babu gajiya ba, akwai daren da nake shiga banɗaki in yi kuka in wanke fuska in fito dan kar ta gani, amma wallahi a lokacin na san amfanina a duniya, na san me zan yi in na farka.

Da Allah ya karɓi abarsa sai wannan ɗin ya tafi tare da ita. Mutane suka yi gaisuwa suka watse, yayyena suka koma gidajensu, ni kuma jikina ya ƙi yarda cewa aikin ya ƙare. Na kashe alam ɗin amma duk bayan awa biyu sai in farka firgigit, in kai hannu gefe, babu kowa. Daga nan barci ya tafi kenan sai in zauna ina kallon bango har asuba. Na daina fita, na daina ɗaga waya, wanka ma sai na yi da gaske. Babbar yayata ce ta lura ta ɗauke ni ta kai ni wajen likita, ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ni kan magani ya haɗa ni da mai ba da shawara. Na faɗi wannan ne tun yanzu dan kar wani ya karanta labarin nan ya ɗauka rubutu ne ya warkar da ni shi kaɗai ya ƙi zuwa asibiti. Rubutu ya taimaka min ƙwarai, amma maganin ma ina sha.

Yayar tawa dai ita ce ta tsokano maganar. Wata rana ta same ni zaune ta ce, "Auta, tunda daren nan ba barci kike ba, ina labaran nan naki da kike damunmu da su muna yara? Ki rubuta min ɗaya mana, amma mai ƙarshe nake so." Na ce, "Yaya ni yanzu ko saƙo a waya ban iya haɗawa." Ta ce ita dai ta faɗa. Bayan 'yan kwanaki 'yarta ta turo min bayani kan wani abu da marubuta ke yi duk watan Nuwamba, ana ce masa NaNoWriMo. Wani mutum mai suna Chris Baty ne ya fara shi a 1999 a yankin San Faransisko ta Amurka, su 21 ne kacal shi da abokansa, a watan Yuli suka yi na farko sai shekara ta gaba suka maida shi Nuwamba, daga nan ya bazu duniya. Sharaɗin kuwa ɗaya ne, ka rubuta kalmomi 50,000 na sabon ƙagaggen labari daga 1 ga wata zuwa 30, babu alƙali babu mai duba ko ya yi daɗi, yawan kalmomi kawai ake ƙirgawa. Ƙungiyar da ke kula da abun ta sanar da rufewa a 2025, amma ai tsarin ba na kowa bane, duk wanda ya ga dama zai zaɓi watansa ya yi, ni ma ban jira Nuwamba ba.

Abun da ya ja ni shine maganar nan ta cewa babu mai duba ko ya yi daɗi. A halin da nake ciki ba zan iya yin abu mai kyau ba, na sani, amma abu mara kyau mai yawa ina ga zan iya. Sannan lissafin ya yi min sauƙin riƙewa, 50,000 a raba gida 30 ya ba da 1,667 a rana, wajen shafi shida ko bakwai kenan in an buga. Mai taifin a hankali da ke yin kalma 20 a minti ɗaya zai gama cikin awa ɗaya da rabi in bai tsaya ba, sai dai kowa yana tsayawa, dan haka ka sa wa ranka awa biyu zuwa uku. Ni kuwa lokaci shine abun da ya yi min yawa har yake neman kashe ni.

Kafin ranar farawa na ɗauki takarda ɗaya tak na rubuta abu huɗu, wacece tauraruwar labarin, me take so har take iya rasa barci a kansa, waye ko mene ne ya tare mata hanya, sannan ya labarin zai ƙare. Na ƙarshen nan shine ban taɓa yi ba a rayuwata. A bayan takardar na jero abubuwan da zasu faru layi-layi, ba wani dogon bayani, irin "ta ga hoton", "ta je gidan kawunta ya ƙi magana", "sun yi faɗa da mijinta". Akwai marubutan da suke tsara komai babi-babi kafin su fara, akwai kuma masu faɗawa kawai su ga inda labari zai kaisu, kuma ko wanne ɓangare akwai ƙwararru. Amma mai farawa da ke da wata ɗaya kacal, shawarata ya riƙe ko da takarda ɗaya ce, saboda akwai ranar da zaka zauna kanka fayau babu komai, ranar ba ilhama zaka nema ba, layi na gaba zaka duba ka rubuta shi ko kana so ko baka so.

Da gangan na ƙi rubuta labarin jinya. Kowa ya ɗauka shi zan yi, ni kuwa na san in na taɓa wajen nan kullum har wata guda ba zan kai labari ba. Sai na ɗauko labarin wata mata da ta girma ana ce mata ƙanwarta ta rasu tun suna yara, sai da ta yi aure ta haihu ta gano tana raye. In kana cikin wani ciwo kana son ka rubuta shi ban hana ka ba, amma ka auna ko zaka iya komawa cikinsa kullum da kullum, wani ciwon sai ya ɗan huce ake iya kallonsa.

Satin farko daɗi ne. In na farka cikin dare maimakon kallon bango sai in jawo waya in fara, wani lokacin in wuce adadin ranar ban sani ba. Dokar da na kafa wa kaina guda ɗaya ce kuma ita ce gaba ɗaya sirrin abun, ba na komawa baya. Abun da na rubuta jiya ba na karanta shi, sai layi biyu uku na ƙarshe dan in tuna inda na tsaya. In na ga kuskuren rubutu a sama in kauda kai. In na manta sunan wani da na ambata a babi na biyu ba zan je nema ba, sai in rubuta WANE da manyan baƙaƙe in wuce. In labari ya kai ni wajen da sai nayi bincike, misali yanda ake neman takardar haihuwa ta shekaru da yawa baya, ba zan buɗe intanet ba dan na san daga nan sai bidiyo sai awa biyu ta tafi, sai in rubuta A BINCIKA in ci gaba. Har tsakiyar littafin na canza wa mijin tauraruwar sana'a, na farko malamin makaranta ne daga baya na ga direba ya fi dacewa da labarin, ban koma na gyara ba, na rubuta a gefe "daga nan direba ne" na ci gaba kamar dama can haka yake. Gyara a lokacin rubutun farko kamar sharar ɗaki ne magina suna kan yaɓe, ka share yanzu an jima ka sake sharewa, ginin kuma bai ƙaru da komai ba. Kuma babin da kake ɓata kwana uku kana gogewa, wata ƙila in ka kai ƙarshen labarin ka ga ma ba a buƙatarsa sam.

Ba abu bane mai sauƙi fa. Akwai wata murya da take zaune a kan duk mai rubutu, tana cewa wannan shirme ne, wa zai karanta wannan, ji yanda kika maimaita kalma ɗaya sau uku a layi ɗaya. Ni tawa muryar ta haɗu da ta ciwon da nake ciki, ta kan wuce maganar rubutu ta koma cewa ke dama me kika taɓa gamawa, aikin ma kin bari, Umman ma da kin kula da wuri da ba haka ba. Mai ba ni shawara ta ce kar in tsaya jayayya da ita, in ce mata na ji, in ci gaba da abun da nake. Haka nake yi, in ce eh shirme ne, saura kalma 600 na shirmen in tashi.

Sati na biyu shine inda mutane suka fi zubewa, ni ma saura ƙiris. Zumuɗin farko ya ƙare, an gabatar da kowa da kowa, ƙarshe yana can nesa, tsakiyar kuma babu komai sai mutane suna zaune suna hira. A nan ne sabon labari zai zo maka mai daɗin gaske ya ce ka bar wannan ka zo gare ni, na san shi sarai dan shi ya cinye min duk labaran baya. Na rubuta shi a layi biyu a wani fayil daban na rufe. Abun da ya fitar da ni daga ramin kuwa, na daina bin labarin a jere. Na duba takardata na zaɓi wajen da na fi ɗokin rubutawa, ranar da 'yan uwan biyu zasu haɗu ido da ido, na tsallaka can na rubuta shi duk da saura babi da yawa a kai, da na gama sai na ga ashe yanzu na san abubuwan da dole su faru kafin nan, na dawo na cike. Wata dabarar kuma in wajen ya mutu, ka tambayi kanka mene ne mafi munin abun da zai iya samun tauraron nan yanzu, sai ka sa ya same shi. Mu masu farawa muna tausayin mutanen labarinmu da yawa, bama so su sha wuya, shi kuwa mai karatu wuyar ce take riƙe shi.

A cikin satin nan ne wata tsohuwa ta shigo labarin wadda bata cikin takardata, maƙwabciya ce da ta san gaskiyar abun da ya faru amma bata iya magana, sai da ido da hannu ɗaya. Na yi shafuka da ita kafin in gane wa nake rubutawa. Ranar na ajiye wayar nayi kukan da ban yi ba tun rasuwar, irin mai sauti, har na ji tsoron kar maƙwabta su ji. Washegari ban rubuta komai ba, jibi ma haka. Na yi tunanin in cire ta, sai na ga a'a, ita ta kawo kanta, na barta. Ita ce mutum mafi rai a littafin gaba ɗaya, duk wanda ya karanta ita yake fara ambata.

Maganar ranakun da aka tsallake, zasu zo, ko ciwo ko baƙi ko aiki ko kawai zuciya ta ƙi. In ka rasa kwana uku bashin kalma 5,000 ne a kanka, kuma in ka ce sai ka biya shi a zama ɗaya zaka gaji ka tsani littafin. Raba shi zaka yi kan sauran kwanakin, ƙarin 300 ko 400 a rana ba a jinsa sosai. Ranar da ba zaka iya komai ba ka rubuta ko layi biyar ne, dan labarin kar ya huce a kanka. Na kuma koyi tsayawa a tsakiyar abu, ana cikin faɗa ko wani ya buɗe baki zai faɗi sirri sai in ajiye, gobe in na zo na san ainihin abun da zan fara da shi, ba sai na zauna ina kallon farin shafi ba. Wani lokacin in saita minti 20 in ce har ya ƙare yatsana ba zai tsaya ba, irin wannan sau uku ko huɗu ya kan kai ni adadin ranar.

Akwai wata da muka fara tare, mun haɗu ne ta hanyar 'yar yayata, kullum da dare sai mu tura wa juna lamba kawai, yau 1,200, yau 1,900, babu wanda ke karanta na wani. Wannan ya riƙe ni sosai dan ina jin kunyar in tura sifili. Ita ce wayarta ta faɗa ruwa ana tsakiyar wata, komai nata yana ciki babu kwafi a ko'ina, ta yi ƙoƙarin sake farawa amma zuciyarta ta karye ta bari. Dan Allah duk ranar da ka gama ka tura wa kanka ta imel ko ka ajiye a wani waje na biyu, minti ɗaya ne. In da waya kake taifin kuma ka dinga hutar da hannu, ni babban yatsana da wuyana sun yi ciwo sosai sai da na koma rubuta wani ɓangaren a takarda.

Ban goyi bayan sakin labari ga jama'a ana cikin rubuta shi ba, a wannan watan dai. Na san da yawa haka suke yi shafi-shafi kuma yana musu aiki, amma da zarar mutane sun fara cewa a haɗa wance da wane, kar a kashe wane, ka daina rubuta naka ka koma rubuta nasu, kuma abun da ka riga ka saki ba zaka iya canza wa miji sana'a a tsakiya ba. Yayata ma da ta sa ni, duk naci ban nuna mata ko layi ba sai da na gama.

A daren ƙarshe na watan na kai ƙarshen labarin. Ban cika 50,000 ba, da saura kaɗan, kuma na zauna ina tunanin ko in ƙara surutu dan lambar ta cika sai na ga ba shi da amfani, labarin ya ƙare inda ya kamata. A ganina lambar amfaninta ta tura ka gaba ne kawai, wanda ya yi 30,000 ya kai ƙarshe ya fi wanda ya yi 60,000 yana tsakiya bai san inda ya dosa ba. Na kira Yaya da sassafe na ce mata na gama mai ƙarshe, ta yi shiru can ta ce, "Alhamdulillah Auta, Allah ya jiƙan Umma," muka yi ta kuka a waya mu biyu.

Na bar shi fiye da wata ban buɗe ba, kuma haka nake ba kowa shawara, in ka karanta da zafinsa ko dai ka ga babu kamarsa ko ka ga shara ne, duk biyun ba gaskiya bane. Da na buɗe na tarar da abun dariya da yawa, WANE ya fi a ƙirga, wani yaro ya shekara bakwai a babi na uku ya koma biyar a na tara, akwai babi guda da babu abun da ya faru sai gaisuwa. Amma akwai wurare da na karanta na ce anya ni na rubuta wannan. Babi biyun farko da a da zan shekara ina gogewa, su na fara cirewa gaba ɗaya dan labarin a na uku ya fara.

Yanzu na koma aiki, likita ya rage min magani, barci ma ya dawo duk da wani daren har yanzu ina farkawa. Gyaran littafin ya ɗauke ni lokaci ninkin ba ninkin na rubuta shi kuma ban gama ba, ina zagaye na uku, mutum biyu sun karanta sun ce tsakiyar har yanzu tana ja, akwai kawu biyu da aikinsu ɗaya ne a labarin dole in haɗe su su zama mutum ɗaya, shi nake kai a satin nan. Labarin nan da ya zo min a sati na biyu na rufe a fayil yana nan, na sa masa wata mai zuwa in Allah ya kaimu, wadda wayarta ta faɗa ruwa ma ta ce zata sake gwadawa tare da ni.